Amsoshin Wasiƙunku: A Sake wa Shokazoba Mai, Ko A Sayi Sabuwa?

Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani manomi a yankin Funtuwa. Ya ce babur ɗinsa, wanda yake kai masara kasuwa da shi, ya fara tsalle kamar ɗan akuya, kuma in ya faɗa rami sai ya ji ƙarfe ya daki ƙarfe. Wani bakanike ya ce a sake wa shokazobar baya mai, wani kuma ya ce sai dai sabuwa. Wanne zai bi?

To, Malam, mun gode da wasiƙa. Bari mu fara da yadda abin yake aiki. Shokazoba abu biyu ce a haɗe. Akwai sifirin na waje, shi ne mai ɗaukar nauyinka da na kayanka. A tsakiyarsa akwai kwalbar ƙarfe da mai a ciki, da sanda mai shiga tana fita. Duk lokacin da taya ta hau gargada, sandar nan takan tilasta wa man ya bi ta wasu 'yan ƙananan ramuka. Wahalar da man yake sha wajen wucewa ita ce take hana sifirin yin ta rawa. In man ya tsiyaye, sifirin ya samu sake, tayar baya ta riƙa barin ƙasa. Tayar da ba ta ƙasa kuwa, birki ba ya kama ta. Ka ga ashe maganar ta wuce ciwon baya, ta kai ga rai.

Kafin ka kashe ko kwabo, gwada da kanka. Danna bayan babur da ƙarfi ka saki. Mai lafiya za ta taso sau ɗaya ta tsaya. In ta yi ta lilo, aikinta ya ƙare. Sannan ka dubi sandar: akwai danshin mai da ƙura ta manne masa? Akwai tsatsa ko karcewa? Ta lanƙwashe? Ka kuma duba robobin da ke wurin ɗauri, sama da ƙasa, domin sau da yawa su ne suke ƙara, kuma kuɗinsu kaɗan ne.

Yaushe sake mai yake da amfani? In shokazobar irin mai murfin da ake kwancewa ce, sandarta sumul, sifirin bai kwanta ba, kuma an samu sabuwar robar da ke riƙe mai. Sai a zuba mai marar kauri, irin na shokazobar gaba, daidai awon da masu ƙera ta suka ce, kuma daidai wa daida a dama da hagu. Kada a cika ta fal, domin sandar tana bukatar wurin shiga. Kada kuma ka yarda a zuba maka baƙin man da aka juye daga inji. Kaurinsa ya yi yawa, dattinsa kuma yana cin roba.

Amma fa gaskiya ɗaya ce: yawancin shokazobar ƙananan baburan da ake hawa a karkara a liƙe take daga masana'anta, ba a yi ta don a buɗe ba. Wasu sukan huda ta su ɗura mai su toshe. Ka tambayi kanka, ta ina man farko ya fita? Ta robar da ta mutu. In ba a sake ta ba, sabon ma hanyar zai bi, kuɗinka ya bi shi. Araha ba ta ado. Wadda kuma aka ɗura wa iskar gas, kada a kuskura a huda ta ko a kai mata wutar walda, tana iya fashewa. Shi ma sifirin a matse yake, ba a cire shi sai da abin matsewa.

Saboda haka, in taka liƙaƙƙiya ce tana yoyo, ko sandar ta ci tsatsa ko ta karkace, sayi sabuwa. Ka sayi biyu tare, domin sabuwa da tsohuwa sukan sa babur ya karkata a kwana. Ka tafi kasuwa da tsohuwar a hannu a gwada tsawo, rami zuwa rami.

Abu na ƙarshe, Malam: kaya. Buhun masara mai kilo 100, ga ka, ga wani a baya, ya fi ƙarfin ƙaramin babur. A ƙasan sifirin akwai zobe mai matakala, galibi hawa 5. In za ka ɗauki kaya ka ƙara matse shi, dama da hagu a hawa ɗaya. Ka riƙa goge laka daga sandar, musamman da damina. Sawu biyu ya fi kwanan asibiti sauƙi.

Allah Ya kiyaye hanya, Ya sa albarka a amfanin gona. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.