Shekarar da Chadi da Nijar Suka Raba Gari

Da Jamus ta ci Faransa da yaƙi a 1940, ƙasashen da Faransa ke mulka a Afirka sun rabu biyu. Gwamnan Chadi, Félix Éboué, ya bi Janar de Gaulle, wanda ya ƙi miƙa wuya ga Jamus, ranar 26 ga Agusta. Nijar kuwa ta zauna a hannun gwamnatin Vichy, wato gwamnatin Faransa mai bin Jamus, har ƙarshen 1942.

Abin takaici, babu wanda ya nemi shawarar bafataken Maraɗi da aka tsaurara masa iyaka tsakaninsa da kasuwar Kano da ke hannun Ingila.

Ingila ta lallashi Chadi da alkawarin ciniki ta Najeriya, haƙarta kuma ta cimma ruwa: jiragen yaƙinta suka riƙa tasowa daga Takoradi, a Ghana ta yau, su ya da zango a Kano, su ratsa Chadi zuwa Masar.