Takardar besbol da yaro zai kawo gida: jawabi ga iyalan da ke shirin tafiya Amurka

Na baya ku matso inuwa, akwai sauran wuri a tabarma. Jami'ar kariya tana nan zaune. Yau ta bar ni in yi magana da bakina maimakon in riƙa juya nata, in na kauce za ta gyara mini.

Da farko, wannan zama na iyalan da aka riga aka kira ne, waɗanda takardunsu na tafiya Amurka suka yi nisa. Wanda zai karanta jawabin nan a takardar sanarwa kada ya ɗauka alama ce sunansa ya kusa fitowa. A duniya duka, 'yan gudun hijirar da ake kai wa wata ƙasa ta uku a shekara ba su kai ɗaya cikin ɗari ba. Kuma ba a biyan ko sisi a wannan hanya. Duk wanda ya ce ku ba shi kuɗi zai tura sunanku gaba, ku zo ku faɗa mana.

Abin da ya sa na roƙi a ba ni wannan lokaci shi ne saƙon murya da wata yayarmu ta turo, wadda ta tashi daga nan bara da 'ya'yanta uku. A watan Janairu ɗanta mai shekara tara ya kawo takarda daga makaranta, da hoton yaro riƙe da sanda. Ba ta iya karanta Turanci ba, ta ga alamar kuɗi a ƙasa, ta zaci bashi ake bin ta, sai ta cusa takardar ƙarƙashin katifa. Da watan Afrilu ya zo, yaran layinsu duk suka fito da riguna iri ɗaya da huluna, nata yana leƙe ta taga. Ta je tambaya aka ce an rufe rajista tun tuni. Ta ce in gaya muku kada abin ya faru da ku.

Wasan sunansa besbol. Ƙungiya biyu ne, kowace da mutum tara a fili. Ɗaya ya jefo ƙwallo ƙarama mai tauri, ɗan ɗaya ɓangaren ya doke ta da sanda ya ruga a guje. Akwai tashoshi huɗu da zai taka, in ya zagayo ya dawo inda ya tashi ya ci maki ɗaya. In an fitar da mutum uku sai a yi musanya, masu duka su koma tsaro. Ni ma a waya na kalla, kuma gaskiya rabin sa'a ta farko ban ga abin da ake yi wa ihu ba. Ba sai kun fahimci dokokin ba. Abin da ya kamata ku gane shi ne a unguwanni da yawa a can, bakin filin nan ne dandali. Nan yaro ke samun abokai, nan Turancinsa ke sakin jiki, nan uwa ke sanin maƙwabciyarta.

Ƙungiyar da ta fi suna a wasan yara ita ce Little League. An kafa ta a 1939 a garin Williamsport na jihar Pennsylvania, kuma tana ɗaukar yara daga shekara 4 zuwa 16. Ƙananan ba a jefo musu ƙwallo, ana ɗora ta a kan ɗan turke su doka. Akwai wasu ƙungiyoyin, har da na hukumar gari, kowace da tsarinta.

Ga inda yayarmu ta yi tuntuɓe. Kakar wasan ta bazara ce, amma bazararsu ba irin tamu ba ce mai zafi da jiran ruwa. Lokaci ne da ƙanƙara ke narkewa itatuwa su fara toho, wajen Maris da Afrilu, a yi ta wasa har zuwa Yuni. Rajista kuwa cikin hunturu ake yin ta, yawanci daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da ba wanda ke tunanin fita waje. Yawancinta ta intanet ake cikewa. Saboda haka duk takardar da yaro ya kawo, ku ɗauki hotonta a ranar ku tura wa ma'aikacin da aka haɗa ku da shi, wanda zai kula da ku a watannin farko, ko ku kai wa malamin yaron.

Yanzu ku ba ni kunnuwanku sosai, don wannan ɓangaren ya shafi abin da za ku yi tun kuna nan.

A can ba a duban tsawon yaro a ce wannan ya kai goma. Ranar haihuwa ake dubawa a takarda. A besbol na Little League, shekarun da yaro zai cika zuwa 31 ga Agusta na shekarar su ne shekarunsa na wasa, da su za a san rukunin da zai shiga. Da yawa daga cikinmu ranar da muka iso aka tambaye mu ranar haihuwar yara, muna cikin gajiya da firgici, muka ce da damina ne, ko bayan ƙaramar salla, sai aka rubuta 1 ga Janairu. Ni na fassara irin wannan amsa ba sau ɗaya ba. Wannan ba laifi ba ne, kuma takarda mai 1 ga Janairu takarda ce mai kyau. Amma ku san yadda lissafin yake: yaron da aka haifa a Oktoba aka rubuta masa Janairu na wannan shekarar, a wajensu ya girmi kansa da shekara guda, zai tsaya gaban yaran da suka fi shi ƙarfin jifa. Kuma ranar nan ce za ta bi shi makaranta, ta bi shi asibiti, ta bi shi har ranar da zai nemi aiki.

Abin da ya fi haɗari shi ne takardu biyu su saɓa wa juna: takardar haihuwa ta ce abu kaza, takardar rajistar sansani ta ce wani, katin rigakafi ya kawo na uku. A 2011 wata ƙungiyar yara daga Kampala ta ƙasar Yuganda ta ci gasar yankinta, ta samu gurbin zuwa babbar gasar duniya da ake yi kowane Agusta a Pennsylvania. Aka hana su biza saboda ranakun haihuwar da ke takardunsu ba su dace da juna ba. Yaran sun ci wasa a fili, takarda ta mayar da su gida. Sai a 2012 wata ƙungiya daga garin Lugazi ta je, ta zama ta farko daga Afirka da ta buga a gasar.

To, tun ran gini tun ran zane. Yau da dare ku fito da takardun kowane yaro ku jera su, ku sa mai karatu ya duba muku suna da ranar haihuwa. In kun ga saɓani ku kawo ofis yadda suke. Kada kowa ya sa biro ya gyara da kansa, kada a kankare, kada kuma a rage wa yaro shekara don a ce zai fi samun makaranta. Na san wasu na tsoron in sun yi magana tafiya za ta yi jinkiri. Ba zan ce muku ba za ta iya yi ba. Amma saɓanin da kuka nuna da kanku ya fi sauƙin warwarewa a kan wanda aka gano a wajen tantancewa.

Ban da shaidar shekaru, za su nemi shaidar inda kuke zaune, kamar takardar hayar gida ko ta wuta, ko takarda daga makarantar yaron. Akwai kuma takardar lafiya da uwa ko uba zai sa wa hannu. In yaro na da asma ko farfaɗiya, ku rubuta, ba korarsa za a yi ba.

Maganar kuɗi. Ana biyan kuɗin rajista, kuma ya bambanta daga gari zuwa gari. Amma dokar Little League ta ce ba a hana yaro wasa don iyayensa ba su iya biya ba. Sai dai fa sai kun buɗe baki kun tambaya, mu kuma kunya ta yi mana yawa. Riga da hula galibi suna cikin kuɗin. Safar fata ta cafe ƙwallo ku za ku nema, kuma ana samun ta hannu da araha. Kada ku sayi sanda sai mai horarwa ya faɗi irin wadda aka yarda da ita.

Baba na ga kana girgiza kai tun da na ambaci yara ban ce maza ba. E, har da mata. Tun 1974 aka buɗe musu ƙofa, akwai kuma wani wasa ɗan uwansa, sofbol, da 'yan mata suka fi yi. Kayan wasan dogon wando ne, batun ɗankwali kuma ku yi magana da mai horarwa tun ranar farko. Haka batun azumi, da naman da ake sayarwa a bakin fili, don sau da yawa akwai alade a ciki.

Saura abin da jami'ar kariya ta ce lalle in faɗa. Masu horar da yaran yawanci iyaye ne 'yan sa-kai, kuma ana binciken tarihinsu kafin a ba su yara. Duk da haka idonku ya fi bincike. Ku kai yaro da kanku ku ɗauko shi da kanku, ko ku haɗa shi da iyalin da kuka sani. Babba ba ya keɓewa da yaro shi kaɗai, a mota ko a ɗaki, ba ya kuma tura masa saƙo a ɓoye. In yaro ya ce ba ya son wani mutum, ku saurare shi kafin ku tsawata. Kuna da damar neman tafinta, kuma in abu ya yi tsanani lambar gaggawa ita ce 911.

Masu takardun da ke da saɓani, ofishin kariya na buɗe Talata da Alhamis da safe. Ku zo da takardun na asali da yaron kansa, zan kasance a wurin. Mama mai shuɗin mayafi, ke kika fara ɗaga hannu, bismilla.