Ƙofar Illela da Tukunyar Talaka

 

An ce in yi magana a kan shugaban da ya ɓata da maƙwabci, jama'arsa kuma suka fito masa kan titi. Ba sai na je nesa neman misali ba, domin mu Sakkwatawa a jikinmu aka yi shi.

Ranar 29 ga Mayu 2023, a wurin rantsuwa, Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare. Litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta kai 500 cikin 'yan kwanaki. Ba mu gama farfaɗowa ba, ranar 26 ga Yuli sojoji suka tsare Shugaban Nijar Mohamed Bazoum a Yamai, lokacin Tinubu bai cika mako uku da karɓar shugabancin ECOWAS ba. Ranar 30 ga watan, ƙungiyar ta zauna a Abuja ta ba Janar Tchiani, jagoran juyin mulkin, kwana bakwai ya mayar da mulki ko a yi amfani da ƙarfi. Aka rufe iyaka, aka yanke wa Nijar wutar lantarki.

Ku fahimce ni, ba na goyon bayan juyin mulki, kuma tsare Bazoum zalunci ne. Amma wanda ke zaune a Abuja yana ganin Nijar wata ƙasa ce can. Mu fa? Daga nan Sakkwato zuwa Illela bai kai kilomita 100 ba, kana tsallakawa kana Birnin Ƙonni. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda hubbarensa ke cikin garin nan, a Maratta aka haife shi a 1754, Maratta kuwa yau a Nijar take. A zauren nan, wa zai ce ba shi da goggo ko suruki a Tawa ko Dogonduci? Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Da aka rufe ƙofar Illela, motocin kaya suka yi cirko-cirko, albasa ta ruɓe, mai fataucin dabbobi ya zauna gida, ɗan dako ya rasa na cefane. Mutumin da tsadar mai ta kayar jiya, shi ne dai takunkumin ya danne yau.

Abin da ya hana yaƙi kuwa, daga gida ya fito. Majalisar Dattawa ta ƙi amincewa da tura soja. Janar Abdulsalami da Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar suka tafi Yamai, ko da yake a zuwan farko ba su ga Tchiani ba. Sarki Muhammadu Sanusi na Biyu ya gan shi, malamai ƙarƙashin Sheikh Bala Lau suka gan shi. Mutanen da ya kamata a fara tuntuɓa, su aka nema bayan an riga an zare takobi.

An ɗage takunkumi a Fabrairun 2024, amma bakin alƙalami ya bushe: Nijar da Mali da Burkina Faso sun riga sun sanar da ficewa daga ECOWAS. Bazoum bai koma mulki ba. Ranar 1 ga Agusta 2024 matasa suka fito zanga-zangar yunwa, har da nan Sakkwato. A Kano da Kaduna aka ɗaga tutar Rasha, irin wadda muka gani a titunan Yamai. An rasa rayuka, an kama yara, wasu suka faɗi don galabaita a kotun Abuja kafin a sake su. A ganina, yaron da ya ɗaga tutar nan bai san Mosko ba, yunwa ya sani, ya kuma ga wanda ya yi wa shugabansa tsaurin ido. Sai kuma ga 'yan bindigar Lakurawa a Tangaza da Gudu, alhali gwamnatocin biyu da ya kamata su tsare dajin tare suna zargin juna.

Don haka ina kira ga sanatocinmu da 'yan majalisarmu, da ku da kuka zaɓe su: ku tsaya tsayin daka, kada a sake yanke hukunci a kan Nijar sai an saurari Illela da Sabon Birni da Tangaza.