Zama na Tara: Kason Kayan Lambu da Girkin Dare Cikin Sauri

Tunda mun gama zubi, masu ƙirga sun ƙirga, an kulle akwati, zan ari minti ashirin daga lokacinku mu yi magana a kan tukunya.

Bari in fara da tambaya. Wace ce a nan ta san nawa take kashewa a cefanen kayan miya a mako guda? Ba na rana ɗaya ba, na mako. Yawancinmu ba mu taɓa haɗa lissafin ba, saboda kullum ɗan kaɗan ne: kashin tumatir yau, ƙullin alayyahu gobe, a aiki yaro wajen mai tebur ya sayo attaruhu. To, saye kashi-kashi shi ne saye mafi tsada. Kafin tumatir ya iso teburin unguwa ya bi hannun dillali, ya bi hannun mai mota, ya bi hannun ɗan sari a kasuwa irin ta 'Yankaba, kowa kuma ya ɗora nasa. Mai lambu ya sayar da arha, ke kin saya da tsada.

Abin da nake so mu duba yau shi ne saye a haɗe, kai tsaye daga mai lambu. Mu ishirin ne a wannan ƙungiya. Misali, in kowace ta ware naira dubu ɗaya a mako, an sami dubu ishirin. Wannan kuɗi ne da za a tsaya a yi ciniki da shi a bakin lambu, a sayi kwando maimakon kashi. A kawo nan ranar taro, a raba ishirin, kowace ta tafi da kasonta. Ba baƙon abu ba ne a wajenmu. Irin wannan ƙungiya tamu ta ajiya da lamuni, a Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar aka fara ta a 1991, da sunan Mata Masu Dubara, kuma tushenta shi ne adashen da iyayenmu suka sani. Watanda ma da ake yi a unguwa lokacin salla, a haɗa kuɗi a sayi sa a raba nama, ai wannan ne. Mu dai ganye za mu yi wa watanda.

Amma akwai ƙa'idoji, kuma a nan ne ƙungiya kan tsaya ko ta watse.

Na farko, kuɗin kayan lambu daban, kuɗin akwati daban. Ba a taɓa kuɗin zubi, ba a taɓa asusun taimakon juna. A ba shi jakarsa da littafinsa. Ranar da aka fara cewa "a ɗan ciro daga akwati, mako mai zuwa a mayar", ranar aka shuka rigimar da za ta tsiro lokacin rabon ƙarshen shekara.

Na biyu, shiga ba dole ba ce. Wadda mijinta ke yin cefane da kansa, ko wadda ke da nata ɗan lambu a bayan gida, a ƙyale ta. Wadda gidanta babba ne ta ɗauki kaso biyu. Mata biyu masu ƙananan gidaje su haɗa kaso ɗaya.

Na uku, magana da mai lambu a yi ta a gaban shaida, mai unguwa ko wani dattijo da kowa ya yarda da shi, magatakardarmu ta rubuta: ranar kawowa, girman kwando, wa zai biya kuɗin mota. A watan farko a biya bayan an ga kaya. In amana ta zauna, sannan a yi tunanin ba shi wani abu a gaba. Dalili kuwa, noma ba shi da tabbas. Kun tuna 2016, da tsutsar tumatir ta cinye gonaki a Kano da Kaduna, tumatir ya gagari talaka. In mun biya na wata uku gaba ɗaya irin haka ta faru, asarar tamu ce. Shi ya sa kuma kada mu ɗaure kanmu da kaya iri ɗaya. A ce masa: abin da lambunka ya bayar a makon, kala huɗu ko biyar.

Na huɗu, ku tambaye shi abu biyu ba kunya: da wane ruwa kake ban ruwa, kuma yaushe ka yi feshi na ƙarshe? Ganyen da aka shayar da ruwan kwata, ko aka tsinka washegarin feshi, arharsa a asibiti ake biyanta.

Na biyar, rabo. Mata biyu su kasa kashi-kashi a kan tabarma, kowa na gani, sannan a yi ƙuri'a. Wadda ta kasa ita ce ta ƙarshen ɗauka. Duk mako a canza masu kasawa. Da haka babu mai cewa an ba wance manyan tumatir.

Yanzu kaso ya iso gida. Kada ku yi tsammanin abu ɗaya duk shekara. Da sanyi zuwa farkon bazara, lokacin noman rani a wurare irin su Kura da Kadawa da fadamun da ke kusa da mu, za ku ga tumatir, tattasai, albasa, kabeji, karas da latas. Da damina tumatir kan yi wuya, amma ganye ya wadata: rama, yakuwa, lalo, zogale, alayyahu, ga kuɓewa, daga baya kabewa. Dabarar ita ce ki dubi abin da ya zo, sannan ki yanke abin da za ki dafa.

Ki ci mai saurin lalacewa da farko. Rana ta ɗaya da ta biyu: alayyahu, latas, lawashi. Tsakiyar mako: kuɓewa, yalo, tumatir ɗin da ya nuna. Ƙarshen mako: kabeji, karas, albasa, kabewa, waɗannan suna jira. Wadda ba ta da firji, ko take da shi babu wuta, akwai randa cikin randa. Ƙaramar tukunyar ƙasa a cikin babba, a cika tsakaninsu da yashi, a jiƙa yashin safe da yamma, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma a ajiye a inuwa mai iska. Ruwan da ke tsanewa ta jikin babbar randar shi ke janye zafi. Wani malami daga Jigawa, Muhammad Bah Abba, shi ya yaɗa wannan dabara har ya sami kyautar Rolex a 2000. Ta fi aiki lokacin da iska ke bushe. Da damina ƙarfinta kan ragu.

Sirrin girkin sauri kuwa yana ranar rabo. Ki ba shi awa ɗaya. Ki tsince ganye, amma kada ki wanke sai wanda za ki dafa, domin jiƙaƙƙen ganye ruɓewa yake. Ki kai markaɗen tumatir, tattasai, attaruhu da albasa gaba ɗaya, ki tafasa har ruwan ya ƙone, ki soya da mai. In babu firji, kada ya wuce kwana biyu, kuma ki sake tafasa shi sosai safe da yamma, da cokali mai tsabta. Tumatir da kuɓewar da suka yi yawa, a yanka a shanya a kan tsabtataccen faifai, sama da ƙasa, nesa da kaji. Damina za ki gode wa kanki.

Da wannan soyayyen markaɗe a hannu, ga abin da za ki iya tsakanin la'asar da magariba, ko kin dawo daga sana'a a gajiye.

Faten tsaki: ruwa, markaɗe, daddawa, ɗan gyaɗa, in ya tafasa ki zuba tsaki kina motsawa, ganyen rama ko yakuwa ko alayyahu ya shiga a ƙarshe. Tukunya ɗaya, wuta ɗaya.

Faten wake ko na dankalin Hausa da alayyahu: ki jiƙa waken tun da safe, zai nuna da wuri, gawayi ya ragu.

Dafa-dukan taliya ko shinkafa da karas da kabeji, da ɗan busasshen kifi in ya samu.

Kwaɗon zogale ko na rama da ƙuli-ƙuli, tumatir da albasa, a ci da dambu ko da garin rogo.

Miyar ɗanyar kuɓewa ba ta wuce minti goma sha biyar ba in tuwo ya riga ya kwana a kula.

Abu uku ku riƙe a duk waɗannan. A wanke ganye kafin a yanka, ba bayan an yanka ba, don kada amfaninsa ya bi ruwa. Wanda za a ci ɗanye a wanke shi sau biyu ko uku da ruwa mai tsabta. Ganye ya shiga tukunya a ƙarshe, minti biyar ya ishe shi, kuma a rage kanwa, tana kashe wani sashe na amfaninsa. Sannan kada a hana miya ɗan mai, domin sinadarin da ke cikin karas, kabewa da koren ganye mai kare ido, jiki bai ɗaukarsa sosai sai da maiƙo. Masu ciki da masu shayarwa, ku matsa lemun tsami a fate ko kwaɗo, yana taimaka wa jiki ya ɗauki sinadarin ƙarin jini, shayi kuma a ɗan jinkirta shi bayan cin abinci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya ci aƙalla giram 400 na ganye da 'ya'yan itace a rana. Ba sai kin auna ba. Ki tabbatar dai kowane kwano yana da kore ko ja a ciki, kuma na yaro ya sami ganyen, ba romo kaɗai ba.

Ga aikin gida. Daga yau zuwa taro mai zuwa, kowace ta riƙe lissafin abin da ta kashe a kayan miya. Wadda ba ta rubutu, ɗanta ya rubuta mata, ko ta jefa tsakuwa a gwangwani duk naira ɗari. Mata biyu kuma su je su gano mana masu lambu biyu, su ji farashin kwando. Mako mai zuwa mu ajiye lissafin biyu gefe da gefe. In ya fi mana sauƙi mu gwada na wata ɗaya, in bai fi ba mu bar shi, ba mu yi asarar ko kwabo ba. Shawarar taku ce.

Wa za ta je? A ɗaga hannu, magatakarda ta rubuta suna. Allah ya sa albarka a abin da muke ci da abin da muke tarawa. Shugaba, na mayar miki da taro.