KUNNE MAI ZUBAR DA MUGUNYA: KADA A YI SAKACI

Iyaye mata na Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa. Ku saurara da kyau.

Idan kunnen yaro ya yi mako 2 yana zubar da mugunya, ciwon ya zauna ke nan. Dodon kunne ya huje, ƙwayoyin cuta sun samu wurin zama. In aka bar shi, ji zai ragu, yaro ya yi jinkirin magana, ya kāsa bin karatu. Wani lokaci ciwon yakan ci ƙashin bayan kunne, har ya kai ga ƙwaƙwalwa.

In ya kai ga ƙashi, sai fiɗa. Likita zai kankare ƙashin da ya ruɓe, ya bar rami. A wasu asibitocin Turai ana cike ramin da wani gilashi na musamman, ƙanana kamar tsakin gero. Ba irin gilashin taga ba ne. Wani masani, Larry Hench, ya fara ƙirƙiro irinsa a Amurka a 1969. Yana hana ƙwayoyin cuta yaɗuwa, sabon ƙashi kuma ya tsiro a jikinsa, kunne ya bushe. Amma fa ku sani, aiki ne mai tsada, kuma ba lalle ya maido da jin da aka rasa ba.

To, me za ku yi tun kafin a kai nan?

1. Da kin ga mugunya, kawo yaro asibiti.
2. Ki naɗe tsumma mai tsabta kamar lagwani, ki tsane kunnen sau 3 a rana.
3. Kada ki ɗiga man ja, ruwan albasa ko nono. Kada ki sa tsinke ko gashin kaza.
4. Kada ruwa ya shiga kunnen wajen wanka.
5. Nono zalla har wata 6. Allurar baƙon dauro a wata 9.

In kin ga kumburi mai zafi a bayan kunne, kada ki kwana, ki garzaya babban asibiti na Ƙanƙara ko Funtuwa. In an tura ki Shika ko Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna, ki daure ki je.

Ki gaya wa maigida, ki gaya wa maƙwabciya. Rigakafi ya fi magani. Allah ya raya mana su.