HIKIMA DA TAWALI'U A LOKACIN TSANANI

Jawabi ga dattawa da membobin ikkilisiyoyin Jega, Aliero da Maiyama

Na gode wa Allah da ya kawo mu Aliero lafiya. Kan maganarmu a yau shi ne yadda mai bi zai riƙe al'amari mai wuya da hikima da tawali'u. Karatunmu yana cikin Matiyu 10:16 da Galatiyawa 6:1.

Kowa a nan ya san matsayinmu. A wannan yanki mu kaɗan ne. Muna cin kasuwa ɗaya da maƙwabtanmu Musulmi, muna noman albasa a fadama ɗaya, 'ya'yanmu suna karatu tare a jami'ar kimiyya da fasaha da aka kafa a garin nan a 2006. Yawancin kwanakinmu lafiya lau ne, muna kuma gode wa Allah. Amma akwai ranar da magana kan taso a kan filin majami'a, ko ƙarar lasifika, ko auren 'ya, ko wata kalma da ta kuɓuce wa yaro. A irin wannan rana, abin da dattijo ɗaya ya faɗa cikin minti biyar zai iya kashe wuta, zai kuma iya hura ta.

A Matiyu 10 Yesu bai ɓoye wa almajiransa cewa akwai haɗari ba. Ya kwatanta su da tumaki a tsakiyar namun daji, ya kuma ba su dabbobi biyu su yi koyi da su: maciji don wayonsa, kurciya don rashin cutarwarta. Wayo ba tare da tsarkin zuciya ba yakan zama makirci. Tsarkin zuciya ba tare da wayo ba yakan jefa garke cikin rami. Dole a haɗa biyun.

Aliero ta yi suna da ɗorin ƙashi, har mutane na zuwa daga nesa don neman masu wannan sana'a. To, a Galatiyawa 6:1, inda Manzo Bulus ya yi maganar maido da ɗan'uwan da ya faɗi, kalmar Helenanci da ya mora ita ce katartizo. Da ita Markus 1:19 ya bayyana gyaran taru, da ita kuma likitocin Helenawa suke maganar mayar da ƙashi wurinsa. Mai ɗori yakan fara shafa wurin ya gane inda karayar take, sa'an nan ya ja da ƙarfin da ya dace, ya ɗaure, ya ba ƙashi lokaci. In ya yi garaje, ya gurgunta mutum. In ya ji tsoron taɓawa, ƙashi ya haɗe a karkace. Wannan shi ne tawali'u: ƙarfi ne da aka sa wa linzami.

Bari in kawo abubuwa huɗu.

Na farko, ramuwa ba ta tsayawa inda aka fara ta. Ku tuna da Yelwa ta Shendam a Jihar Filato, ba Yelwar Yawuri ba. A watan Fabrairu 2004 an kashe Kirista da dama a can, har a cikin majami'a. A farkon Mayu aka kai harin ramuwa, ɗaruruwan Musulmi suka rasa rayukansu. Kafin tsakiyar watan wutar ta kai Kano, inda aka kashe Kiristan da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Ranar 18 ga Mayu Shugaba Obasanjo ya sa dokar ta-ɓaci a Filato. Su wane ne suka taimaka wajen sulhun Yelwa a 2005? Fasto James Wuye da Imam Muhammad Ashafa na Kaduna. A rikicin 1992 Wuye ya rasa hannunsa na dama, Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa. Tun 1995 suka fara aiki tare. Mutumin da ya rasa hannu ya iya gafartawa. Mu da aka zaga a kasuwa fa?

Na biyu, a yi saurin zuwa da magana mai taushi. A 1 Sama'ila 25 Dawuda ya ɗaura takobi da mutum 400 don ya hallaka gidan Nabal saboda baƙar magana. Abigail ba ta jira gari ya waye ba. Ta ɗora abinci a kan jakuna, ta tarye shi a hanya, ta yi masa magana da ladabi, ta tuna masa cewa jinin da zai zubar zai zama masa nauyin zuciya ranar da ya hau mulki. Mace ɗaya ta tsayar da runduna. Iyayenmu mata, kada ku rena wannan baiwa. Dattawa kuma, kada ranar rikici ta zama ranar farko da za ku taka ƙofar mai unguwa, ko hakimi, ko limamin unguwarku. Ku je gaisuwar Salla, ku je ta'aziyya, ku je barka. Da safe ake kama fara.

Na uku, tawali'u bai hana mu faɗin gaskiya ba. Ranar 12 ga Mayu 2022 aka kashe Deborah Samuel, ɗaliba a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari a Sakkwato, bisa zargin ɓatanci. Babu wata kalma da ta ba taron jama'a ikon ɗaukar rai. Fadar Sarkin Musulmi ta yi tir da kisan. Bishop Matthew Hassan Kukah ya kira shi babban laifi, ya nemi hukuma ta hukunta masu hannu a ciki, ya kuma roƙi Kirista su kwantar da hankalinsu. Da zanga-zanga ta ɓarke ranar 14 ga wata, aka taɓa majami'u, gwamna ya sa dokar hana fita, Bishop ya dakatar da sujada a cikin birnin har a ɗage dokar. Ku lura: ya faɗi gaskiya, ya nemi shari'a, ya kuma kiyaye garkensa. Haka Bulus ya yi. A Ayyukan Manzanni 16 ya ƙi a sake shi a ɓoye bayan an yi masa duka ba bisa doka ba. A sura 25 ya ɗaukaka ƙara zuwa ga Kaisar. Amma a sura 19, da Afisa ta hargitse, ya saurari 'yan'uwa da suka hana shi shiga cikin taron. Mu ma sashe na 38 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Nijeriya 'yancin addini. Mu nemi hakkinmu a rubuce, ta hannun shugabanni, da takardun fili a hannu, ba da ihu a titi ba.

Na huɗu, mu kula da bakinmu da wayoyinmu. Magana zarar bunu ce. Matasa, saƙon murya da ka tura a WhatsApp cikin fushi zai iya isa Jega kafin ka gama sa takalmi. Kada ku yi wasa da abin da maƙwabci yake ɗauka da tsarki. Kada ku tura labarin da ba ku tabbatar ba. In an tambaye ku dalilin begenku, ku amsa da ladabi kamar yadda 1 Bitrus 3:15 ya koyar. In an tsokane ku, ku tashi daga wurin, ku sanar da fasto ko dattijo a ranar.

Kada kuma mu yi wa kowa kuɗin goro. A watan Yuni 2018, a ƙauyen Nghar cikin Barikin Ladi, Imam Abubakar Abdullahi ya ɓoye mutum 262, yawancinsu Kirista, a masallacinsa da gidansa, ya ƙi miƙa su ga maharan. Allah yana da irin waɗannan mutane a kowane gari. Mu neme su, mu ma mu zama haka gare su.

A ƙarshe, 'yan'uwa, wannan koyarwa daga gida take farawa. Dattijon da yake tsawa a taron majalisar ikkilisiya ba zai iya magana mai taushi a fadar hakimi ba. Saboda haka ina roƙon kowace ikkilisiya ta zaɓi dattawa biyu ko uku masu sanyin hali da za su riƙa magana da yawunta, ta zauna da matasanta kafin su koma makaranta, ta kuma riƙa addu'a domin masu mulki da maƙwabta.

Yakubu 1:5 ya tabbatar mana cewa Allah ba ya hana hikima ga mai roƙo. Bari mu roƙa. Ubangiji ya ba mu hannun mai ɗori, ya tsare ikkilisiyarsa, ya ba Jihar Kebbi da Nijeriya salama. Amin.