Masaukin Iyali a Lokacin Bikin Afan

Ranar 1 ga Janairun kowace shekara Kagoro kan cika maƙil saboda bikin Afan, wasu kuma su zarce su kai yara kallon ruwan Matsirga kusa da Kafanchan. Magidancin da ya taso daga Kachia da mata da 'ya'ya takwas, ba kuɗin mota kaɗai ke jiransa ba, har da na kwana.

Neman otal mai araha ba abin kunya ba ne. Yaran da suka wuni suna hawan dutse, katifa da ruwan wanka kawai suke bukata. Amma fa a yi tambaya tun kafin a biya: mutum nawa aka yarda su kwana a ɗaki? Ƙarfe nawa ake kashe janareta? Za a bar uwargida ta ɗora tukunya? Abincin otal na baki goma ya isa ya cinye rarar da aka samu.

Masaukin da ya yi nisa da gari kuwa, tun da aka cire tallafin mai a 2023, kuɗin mota ya sa arharsa ta zama tsada. Ku kama ɗaki tun farkon Disamba, kafin farashi ya tashi.